Hasken Leza Mai Zango Da Yawa Cikin Zaren Gilashi: Yadda A Ke Tsara Shi Da Yadda A Ke Lissafinsa

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Da yawa daga cikinku sun ga ma'aikata suna haƙa dogon rami a gefen babbar hanya, suna binne wata baƙar igiya wadda kaurinta bai fi na babban yatsa ba, sa'an nan su mai da ƙasa, su kafa 'yan ginshiƙan siminti don alama. Talakawa su kan tambayi Mai Unguwa ko mene ne a ciki, Mai Unguwa ya tambayi Dagaci, Dagaci kuma ya kawo tambayar gaban Hakimi. Saboda haka aka shirya wannan ɗan littafi, domin ku san abin da ke gudana cikin igiyar nan, da irin fitilar da masana su ke ƙerawa dominta, da yadda su ke lissafin fitilar tun ba su ƙera ta ba. Wanda ya san darajar abu shi ya fi iya tsaronsa.

Abin Da Ke Cikin Igiyar

Abin da ke cikin igiyar nan zare ne na gilashi tsantsa. Siririntakarsa ta kai yadda in an jera takwas gefe da gefe, faɗinsu duka milimita ɗaya ne. A tsakiyar ko wane zare kuma akwai zuciya wadda faɗinta kamar kashi 9 ne cikin 1,000 na milimita. Gilashin zuciyar ya ɗan bambanta da na bayanta, don haka hasken da ya shiga ciki ba ya samun hanyar fita ta gefe, sai ya bi zaren duk inda ya tanƙwasa har ya fita ta ɗaya bakin. Da wannan haske a ke aika magana, da rubutu, da hoto, da lissafin kuɗin banki.

A cikin 1966 Charles Kao da George Hockham, waɗanda ke aiki a garin Harlow na Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, in an tsabtace shi kuwa zai kai saƙo nesa. A cikin 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera zare na fari mai irin wannan tsabta. An ba Kao lambar girma ta Nobel saboda wannan aiki a cikin 2009. Zaren da a ke binnewa yanzu sai haske ya yi tafiyar kilomita 15 a cikinsa kafin rabinsa ya ɓace. Bayan kilomita 100 kuwa, kashi ɗaya cikin 100 ne ke saura. Wannan ya sa a ke kafa tashoshin ƙara wa haske ƙarfi a kan hanya, kamar ko wane kilomita 80.

Ma'anar Zango

Duk mai sauraron rediyo ya san gajeren zango, ya san mita 19, da 25, da 31, da 49. Tashoshi da yawa suna magana cikin sararin sama ɗaya, amma ba su cakuɗewa, domin ko wace tana kan zangonta. To, haske ma haka ya ke, sai dai zangonsa gajere ne ainun, har ba a auna shi da mita, sai da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan ɗaya na milimita. Launukan bakan gizo bambancin zango ne: ja yana wajen nanomita 700, shuɗi mai duhu yana wajen 400. Abin da ya zarce 700 idon ɗan Adam ba ya ganinsa. Hasken da ya fi nisan tafiya cikin zaren gilashi kuwa yana wajen nanomita 1,550 ne, watau haske ne wanda ba a gani.

Tun da ya ke zanguna ba su cakuɗewa, ana iya zuba da yawa cikin zare guda, ko wane da saƙonsa. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya da ke Janiba ta tsara musu tazara. In an bar nanomita 0.8 tsakanin zango da zango, a kan sami kamar 40 tsakanin nanomita 1,530 da 1,565. In an rage tazarar ta koma 0.4, a kan sami 80 ko fiye. Zango guda daga cikin waɗanda a ke aiki da su yau yana iya ɗaukar abin da ya yi daidai da maganar tarho fiye da miliyan ɗaya da rabi a lokaci guda. Sai Malami ya riɓanya wannan sau 80, ya ga abin da ke kwance a gefen hanyar ƙasarsa.

Fitilar Leza

Fitilar aci-balbal da ƙwan lantarki suna watsa haske ko'ina, zanguna duka a cakuɗe. Leza kuwa fitila ce wadda haskenta ke fita a miƙe, a kan zango tsayayye. Albert Einstein ne ya bayyana asalin hikimar a cikin 1917. Theodore Maiman ya kunna leza ta fari ran 16 ga Mayu, 1960, a Kalifoniya ta Amurka, da dutsen yaƙutu ya yi ta. A cikin 1961 Elias Snitzer ya yi leza da gilashi, kuma a cikin 1964 shi da Charles Koester suka nuna zaren gilashi da kansa yana iya ƙara wa haske ƙarfi.

Ga yadda abin ya ke. A kan cuɗa zuciyar zare da ɗan kaɗan na wani ƙarfe mai suna arbiyum, wanda Carl Mosander ya gano a cikin 1843, aka sa masa suna daga ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin. Mu ɗauki ko wace ƙwayar zarra ta arbiyum kamar tulu. A kan kawo wata ƙaramar fitila mai zangon nanomita 980, ko 1,480, a haska cikin zaren. Aikinta aikin ɗan garuwa ne, watau cika tuluna. Tulun da ya cika ya kan riƙe abin da ke cikinsa kamar kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa. In haske mai zango wajen 1,550 ya gitta kafin nan, sai tulun ya juye masa abin da ya riƙe, hasken ya ƙaru, a kan zangonsa, kuma ya nufi inda ya nufa. Amma in ya tarar da tulu fanko, tulun ne zai sha daga gare shi, ya rage shi. Saboda haka haske ba ya ƙaruwa sai tulunan da ke cike sun rinjayi fankon. A cikin 1987 David Payne da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila, da Emmanuel Desurvire da nasa a ɗakin bincike na Bell a Amurka, suka nuna wannan na'ura ta ƙara ƙarfi. Ita ce ke cikin tashoshin da muka ambata.

In ana so na'urar ta zama fitila mai ba da haske da kanta, sai a haɗa bakin zaren da ƙarshensa ya zama zobe. Waɗansu tuluna su kan tsiyaye da kansu, wannan ɗan haske shi ne iri. Sai ya dinga kewaya zoben, ko wane kewaye yana ƙaruwa. Cikin zoben a kan sa ƙofa wadda ba ta barin haske ya wuce sai ta fuska ɗaya, da mafita inda a ke ɗiban wani kashi, misali ɗaya cikin 10, don aiki, da kuma rariya mai zaɓen zangunan da a ke so. Haske cikin gilashi yana tafiyar kamar kilomita 200,000 a daƙiƙa. Ke nan in tsawon zoben mita 20 ne, zai kewaya shi sau miliyan 10 a daƙiƙa guda.

Rariya

Rariyar haske iri-iri ce, amma biyu sun isa misali. Ta fari, tsage ne ƙanana a ke yi wa zuciyar zare, a jere, tazararsu daidai wa daida. Ken Hill ya gano wannan a Ottawa ta Kanada a cikin 1978, kuma a cikin 1989 Gerald Meltz da abokansa a Amurka suka nuna yadda za a yi tsagen ta gefen zare da wani haske mai ƙarfi. Tsagen su kan mai da zango guda baya kamar madubi, su bar sauran su wuce. Lissafinsa ba wuya: a riɓanya tazarar tsagen sau 2, sa'an nan sau 1.45, wanda shi ne awon yadda gilashi ke rage saurin haske. Tazarar nanomita 535 za ta ba da zango wajen 1,551.

Ta biyu, a kan raba haske hanya biyu, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, sa'an nan a sake gama su. Inda suka gamu, waɗansu zanguna su kan ƙarfafa juna, waɗansu su kashe juna, sai abin da ya wuce ya fito a jere kamar haƙoran matsefi. In bambancin tsawon hanyoyin kamar milimita 2 ne, tazarar haƙoran za ta zama nanomita 0.8, watau daidai da tsarin Janiba.

Inda Wuyar Ta Ke

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare: a sa matsefi mai haƙora 40 cikin zobe, a sami zango 40 daga fitila guda. Masana ma haka suka so, amma abin ya ƙi. Dalili kuwa, a zafin ɗaki irin wanda mu ke zaune ciki, kusan ko wane tulu yana juye wa ko wane zango da ya riga isowa. Watau mashaya ɗaya ce, garkuna da yawa. Zangon da ya ɗan fi sauran samu ya kan ƙaru, ƙaruwarsa ta sa ya ƙara sha, har ya janye ruwan zuwa iyakar da ta ishe shi kaɗai, sauran su rame su mutu.

Mu gwada da lissafi. A ce zango biyu ne, na fari ya fi na biyu riba da kashi ɗaya tak cikin 100 a ko wane kewaye. Bayan kewaye 1,000, na fari zai fi na biyu ƙarfi fiye da sau 20,000. A zobenmu na mita 20, kewaye 1,000 ɗin nan ba ya ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa. In kuwa aka taɓa zaren, ko zafi ya ɗan sauya, rinjaye ya koma wajen na biyu, sai fitilar ta yi tsalle ta koma can. Fitila mai tsalle daga zango zuwa zango ba ta da amfani ga kowa. Duk aikin tsara leza mai zango da yawa a kan raba wannan rigima ya ke.

Hanyoyin Sulhu

Hanya ta fari ita ce sanyi. In an tsoma zaren arbiyum cikin ruwan iskar naitirojin, wanda sanyinsa ya kai awo 196 ƙasa da na daskarewar ruwa, girgizar da zafi ke sa wa gilashi ta kan kwanta, sai ko wane rukunin tuluna ya koma amsa wa zangon da ke kusa da nasa kaɗai. A cikin 1996 Namkyoo Park da Paul Wysocki suka sami zango 24 daga zobe guda ta wannan hanya. Aibinta, ruwan nan ƙafewa ya ke yi kullum, ba a iya tsare shi a tashar da ke bakin daji.

Ta biyu, a raba mashaya. Ko wane zango a ba shi guntun zaren arbiyum nasa da tsagensa. Wannan ya kan zauna lafiya, amma kaya su kan yi yawa, kuɗi ya hau.

Ta uku, a hana kowa kafa sansani. A kan sa wata na'ura cikin zobe mai ɗan gusar da zangon haske a ko wane kewaye, yadda ba wanda zai daɗe wuri ɗaya har ya yi ƙarfin danne sauran. Masana a Kwebek ta Kanada suka nuna wannan a cikin 2000, ba tare da sanyaya zare ba.

Ta huɗu, a ɗora wa mai ƙarfi nauyi. A kan tsara zoben yadda zangon da ya fi ƙarfi shi zai fi yin hasara a ko wane kewaye, kamar harajin da ke ƙaruwa gwargwadon samun mutum. Akwai kuma wani zare mai ƙaramar zuciya ƙwarai, wanda in zanguna sun matsu a cikinsa, masu ƙarfi su kan miƙa wa raunana wani abu daga nasu, sai su daidaita.

Ta biyar, a sa zango ya haifi zango. Haske mai ƙarfi cikin dogon zare ya kan ta da wata girgiza cikin gilashin, girgizar ta mai da wani kashi nasa baya a kan sabon zango, wanda ya gusa da kamar nanomita 0.09. An sa wa abin sunan Léon Brillouin na Faransa, wanda ya bayyana shi a cikin 1922. In arbiyum ya ƙarfafa ɗan, shi ma sai ya haifi nasa, a yi ta haka har a sami jeri mai tazara daidai.

Lissafi Kafin Ƙira

Kayan nan suna da tsada, zaren da aka yanke kuwa ba ya komawa yadda ya ke sai da ɗori. Don haka magini ba ya fara yanka sai ya gina fitilar cikin lissafi tukuna. A cikin 1991 Randy Giles da Emmanuel Desurvire suka fitar da hanyar lissafin da har yanzu a ke bi. Malamin da ya saba da littafin shiga da fita ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ga matakan:

1. A auna zaren da za a yi aiki da shi, a san yawan hasken da ya ke sha a ko wane zango in tuluna duka fanko ne, da yawan da ya ke ƙarawa in duka cike su ke.

2. A raba tsawon zaren gunduwa-gunduwa a takarda, misali kashi 100, a kuma raba zanguna layi-layi, ko wane da shafinsa.

3. A ko wace gunduwa a lissafa kashi nawa na tuluna ke cike. Shiga ita ce abin da ɗan garuwa ya zuba. Fita ita ce abin da zanguna duka suka sha, da abin da ya tsiyaye da kansa. Lalle ne shiga da fita su yi daidai.

4. Daga nan a san ribar ko wane zango a gunduwar, a miƙa abin da ya fita zuwa gunduwa ta gaba, har ƙarshen zare.

5. A cire hasarar rariya, da ta ƙofa, da ta wuraren ɗori, da kashin da aka ɗiba a mafita. Abin da ya saura a mai da shi farkon zare, a sake lissafi.

6. A yi ta maimaitawa har adadin ya daina sauyawa. Kwamfuta ce ke wannan aiki, don kewayen ya kan kai dubbai.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka guda ce: zango ba ya rayuwa cikin zobe sai ribarsa a kewaye ɗaya ta yi daidai da hasararsa. Mai son zango 20 lalle ya cika wannan sharaɗi sau 20 a lokaci guda.

Lissafin ya kan amsa tambayoyin da ido ba ya iya amsawa. In zaren arbiyum ya gajarta, hasken ɗan garuwa ya kan wuce a banza. In ya yi tsawo da yawa, tulunan ƙarshe ba su samun cika, sai su koma shan abin da na farko suka tara. In hasarar zobe ta yi yawa, fitilar ta kan karkata wajen nanomita 1,530. In kaɗan ce, ta kan koma wajen 1,560. Zafi ma yana cikin lissafi, domin zangon tsage ya kan gusa da kamar nanomita 0.01 ga ko wane awo ɗaya na zafi. Tsakanin asubahin hunturu mai awo 15 da azahar ta bazara mai awo 40, gushin ya kai nanomita 0.25, fiye da rabin tazarar 0.4. Saboda haka dole a sa tsagen cikin gida mai tsare zafinsu. Duk da haka lissafi ba ya wuce gaskiyar awon da aka ba shi. Bayan an gama, sai an ƙera fitilar a kan tebur, an duba haskenta da na'urar rarrabe zanguna, an bar ta tana ci sa'o'i da yawa a ga ko za ta yi tsalle. Gani ya kori ji.

Amfaninta

Kada a ɗauka irin wannan fitila ce ke haska igiyoyin da ke gefen hanyoyinmu. Yawancinsu ko wane zango da 'yar fitilarsa dabam, arbiyum kuwa yana aikin ƙara ƙarfi ne a tashoshi. Leza mai zango da yawa an fi aiki da ita a ɗakunan bincike da na gwajin kayan sadarwa, kuma burin masu ƙera ta shi ne fitila ɗaya ta ɗauke aikin 40. Ana kuma amfani da ita wajen awo. In an manna zare mai tsage a jikin gada, ko madatsar ruwa, ko bututun mai, duk miƙewa ko zafin da ya sami wurin zai gusar da zangon tsagen, injiniya ya gani daga nesa tun abu bai ɓaci ba. Ko wane wurin awo da zangonsa, zare kuwa guda.

Abin Da A Ke Roƙon Hakimai

Ran 14 ga Maris, 2024, igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddebuwa, sai intanet da aikin bankuna suka tsaya cik ko suka yi rauni a Nijeriya, da Gana, da waɗansu ƙasashen Afirka ta Yamma. Abin da ya faru a teku shi ke faruwa a tudu duk sa'ad da diga ko motar gyaran hanya ta datse igiya: ciniki ya tsaya, mai haƙuri ya kasa kiran asibiti, albashi ya makara. A cikin 2024 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kayan ƙasa waɗanda doka ta tsare. Saboda haka ana roƙonku abubuwa huɗu.

Na fari, a sanar da Dagatai da Masu Unguwa cewa abin da ke ɗauke da saƙo cikin igiyar nan gilashi ne, ba jan ƙarfe ba. Wanda ya tone ta don ya sayar ya jawo wa kansa hukunci, ya cuci garinsu, bai sami kome ba.

Na biyu, kada a haƙa rijiya, ko kwata, ko ramin ƙasar gini kusa da ginshiƙan alama, sai an sanar da masu igiyar sun zo sun nuna inda ta bi.

Na uku, in an ga igiya a tone ko a datse, kada kowa ya leƙa bakinta, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa, amma yana iya yi wa ido lahani. A hana yara wasa da guntayen zaren, don su kan shige fata kamar ƙaya, cire su kuwa da wuya.

Na huɗu, Malamin Hakimi ya rubuta rana, da wuri, da abin da aka gani, a aika wa Ƙaramar Hukuma da 'yan sanda nan da nan. Gyaran da aka fara da safe ya kan mai da magana kafin dare, wanda aka yi jinkirin ba da labarinsa kuwa ya kan kwana.

Muna fata za a karanta wannan bayani a majalisar ko wane Hakimi, a kuma fassara shi ga jama'a gwargwadon fahimtarsu.